Shekarar da Aka Ce Na Sayar da Taki

Na san abin da kuka ji. Ba a gabana ake faɗa ba, amma autanku ya taɓa dawowa daga makaranta da leɓe a fashe, aka yi juyin duniya ya ƙi magana, sai daga baya Innarku ta gano wani ne ya kira shi ɗan ɓarawon taki. To, tunda Allah ya ara mini kwana har gemu ya yi fari, bari ku ji daga bakina yadda na bar aikin malamin gona. Ba korata aka yi ba, kuma ban sayar da ko mudu ɗaya na takin kowa ba. Da ƙafata na fita. Har yau in na tuna shekarar nan sai abinci ya fita raina.

Sa'ad da na fara aiki a ƙasar Bukkuyum, malamin gona mutum ne da ake gani a gona. Babur ɗina tsoho ne, sai an tura yake tashi, amma babu lungun da bai shiga ba. In tsutsa ta faɗa wa masarar mutum, ni ake aika wa. In ganyen wake ya yi ja, ni ake tarewa a kasuwa a nuna mini shi a tafin hannu. Na sha fura a ruga, na ci tuwo a gidajen da ban san iyakarsu ba, na koya wa mutane tazarar shuka, su kuma suka koya mini abin da ba a rubuta a littafin makaranta ba. Albashi ba ya zuwa a kan kari, wannan tsohon ciwo ne, amma in na kwanta na san abin da na yi da yinina. Daga baya ne aka shiga zamanin shirye-shirye. Kowane shiri ya zo da hularsa da rigarsa mai tambari, aka damƙa mana manyan wayoyi, aiki ya koma ɗaukar hoto. Ka yini kana fama da tsutsa a gonar talaka, in ba ka ɗauki hoto ba, ba ka yi komai ba. Ka tsaya bakin gonar da ba ka san mai ita ba, ka ɗaga waya ka washe baki, to ka yi aiki har da yabo. Kowane wata a kwashe mu zuwa Gusau bita, a zaunar da mu a ɗaki mai sanyi kamar randa, wani yaro da bai taɓa riƙe hauya ba ya nuna mana hoton gero a bango. Mu ci shinkafa da kaza, mu tafa, mu dawo. Na ci kazar, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma kuɗin zaman bitar nan su suka riƙe gidanmu fiye da albashi.

Shugabanmu a shirin ƙarshe da na yi muna ce masa Kodineta. Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma yaro ne mai daɗin baki, Baba Malam yake kirana. Ba mugu ba ne. Shi ma daga sama hoto ake tambayarsa, shi kuma ya juyo ya tambaye mu. A shekarar da nake ba ku labari, ya ce za a ƙaddamar da rabon taki a wani ƙauye da ke bayan Zugu, kuma ni zan tara mutane, tunda ni suka sani. Na je sito na ga buhunan da idona, na dafa su da hannuna. Aka sa rana.

Ku da kuka tashi a cikin garin Gummi kuna sayen gero a mudu, sai na yi muku bayanin ruwan shuka. Ba kowane ruwa ake shuka da shi ba. Akwai yayyafi mai kwantar da ƙura kawai, akwai kuma ruwan da in ka tona ƙasa da hannu za ka ji danshi ya nutsa. In irin wannan ya sauka, ranar babu zance, babu kasuwa, ko suna aka yi sai dai a yanka rago da sassafe kowa ya kama hanya. Maza na gaba suna sara da sungumi, na baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, ana tsere da rana kafin ta shanye ƙasar. A ƙauyen nan kuma abin ya fi haka tsanani, don 'yan bindiga sun riga sun raba mutane da gonakin nesa. Na kusa ma a ayari ake zuwa, kuma kafin la'asar kowa ya dawo gida. Safiya ita ce duk abin da ya rage musu. To, ranar da aka sa mana taro, sai aka wayi gari an yi wannan ruwan. Tun ina kan hanya na ga yadda ƙasa ta yi baƙi, na tsaya na kira Kodineta.

"Yallaɓai, an yi ruwan shuka. A ɗaga taron nan zuwa jibi."

"Haba Baba Malam, ai ba zai yiwu ba. An riga an buga kwanan wata a jikin ƙyallen sanarwa, baƙi kuma sun shirya. Kafin hantsi mun gama, kowa ya ɗauki buhunsa ya wuce gona."

"Yau za a ba su?"

"Yau ɗin nan. Ai motar tana bayanka."

Sarkin noman ƙauyen wani dattijo ne, Baba Jaɓɓi. In ya ce a fita, an fita, in ya ce a zauna, ko kaza ba ta motsi. Mun yi shekaru tare, har ɗaki yake ba ni in dare ya yi mini. Na same shi a ƙofar gida, sungumi a kafaɗa, 'ya'yansa da ƙwaryar iri, gari duk ya ɗauki haramar gona. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya dube ni kamar na zo da tabin hankali.

"Malam, yau? Kai da kas san ƙasa ka aza taro yau?"

"Ba ni na aza ba, Baba. Amma taki ya iso, kuma yau za a ba ku. Kahin hantsi an ƙare."

"Su sunka ce, ko kai kac ce?"

"Ni nac ce."

"To, in kai kac ce, mun aje sungumi."

Haka gari guda ya ajiye shuka saboda kalma ɗaya daga bakina. Aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera buhuna, aka ɗaura ƙyallen nan mai kwanan wata. Muka zauna. Hantsi ya yi, babu baƙi. Rana ta take, babu baƙi. Na kira Kodineta har wayata ta yi zafi, kullum amsa ɗaya, suna jiran jami'an tsaron da za su rako su, yanzun nan za su taso. Da mutanen sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da nake gani kawai shi ne Baba Jaɓɓi, yana zaune a bakin rumfa, jim kaɗan ya miƙa hannu ya tona ƙasa da yatsa, ya murza, ya kakkaɓe. Kowane karo sai yatsan ya ƙara nutsewa kafin ya taɓo danshi. Wasu samari suka miƙe za su tafi, ya ɗaga musu hannu suka koma suka zauna, don shi ma ya riga ya ba da bakinsa a kan nawa.

Sai bayan azahar motoci suka shigo. Aka yi jawabi da Turanci, aka sa ni fassara, ina faɗin abin da ni kaina kunyarsa nake ji. Sannan aka zo ga abin da ya kawo su. A kira mutum, a tsayar da shi gaban buhu, a ce ya dafa, a ce ya ɗora sungumi a kafaɗa don hoton ya yi kyau, a ce ya yi dariya. Baba Jaɓɓi ma aka sa shi ya yi. Da aka gama, baƙi suka shige motocinsu, sai na ga 'yan dako sun fara mayar da buhuna cikin babbar mota. Wallahi na ɗauka idona ne. Na ruga na riƙe ƙofar motar, Kodineta ya jawo ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Malam, kada ka ba mu kunya a gaban baƙi. Sai an gama tantance sunaye za a raba."

"Ba haka ka ce mini da safe ba!"

"Ni ma haka aka ce mini. Kuma gobe akwai taron Anka, da buhunan nan za a yi."

Ashe buhunan 'yan rakiya ne, gari-gari ake yawo da su kamar amaryar haya. Motar ta tashi, ta bar mu da rumfa da robobin ruwa a ƙasa. La'asar ta kawo jiki, babu mai shiga daji a wannan lokacin. Baba Jaɓɓi ya miƙe, ya ɗauki sunguminsa, ya zo ta gabana.

"Sannu da aiki, Malam."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Washegari suka yi shuka a ƙasar da ta riga ta sha iska, sai kuma ruwa ya ɗauke ƙafa. Rabin irin ya ruɓe a rami, wanda ya tsiro ya ƙone. Ƙauyukan da suka shuka a ranar, nasu ya kama ƙasa ya jure. Su kuwa sai da suka sake neman iri suka yi shuka ta biyu a makare, damina kuma ta tafi da wuri, geron ya fitar da kai babu ƙwaya. Takin bai zo ba, har yau bai zo ba, kuma ban san cikin wa ya shiga ba. Amma mutanen ƙauye ba su san Kodineta ba, ba su san ofis ba. Ni suka sani, ni na ce. Kafin kaka zance ya zaga kasuwanni cewa Malam ya karkatar da motar ya sayar. In na tsaya shan mai sai wani ya ɗaga murya, "Malam, nawa buhu yanzu?" a kwashe da dariya. Gidajen da ake shimfiɗa mini tabarma suka koma amsa sallamata daga ciki.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne bitar da aka kira mu bayan damina. Ina shiga ɗakin taron sai ga Baba Jaɓɓi a bango, an buga shi ƙato, ya dafa buhu yana dariya, an rubuta a ƙasa wai manomi ya ninka amfaninsa. Aka ce malamin yankin ya tashi ya ba da labarin nasarar. Na tashi na ce mutumin nan bai sami taki ba, kuma bana ko na kunu bai girbe ba. Sai wani ya yi 'yar dariya, mai gabatarwa ya ce wannan muhimmin batu ne, za a tattauna shi bayan an sha shayi. Aka sha shayi, aka shiga wani batu. A wurin nan na ji aikin ya mutu a zuciyata. Na dubi abokan aikina, dattawa irina, kowa ya sunkuya a kan farantinsa, na ga kaina a cikinsu har ranar ritaya.

Na yi watanni ina juya abin. Kawunku, wan Innarku, ya ji ƙishin-ƙishin ya zo da tasa shawarar, wai in haɗa hannu da shi a sayen dutsen zinariya wajen Sunke, a shekara ɗaya in manta da an taɓa yin wani abu wai shi albashi. Na ce masa na je Dareta a shekarar da gubar dalma ta dutsen zinariya ta kwashe yara, na ga jerin ƙananan kaburbura da idona, ko da yunwa za ta kashe ni ba zan kawo ƙurar nan kusa da gidana ba. Abin da raina ya kwanta da shi shi ne fadamar da mahaifina ya bari a bakin gulbi, in koma in noma albasa da shinkafa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na faɗa a tsakar gida. Innarku na tankaɗe, Innata, wato kakarku, na zaune a inuwa tana jan carbi. Kakarku ce ta fara, ko carbin ba ta ajiye ba.

"Mi kac ce? Ubanka ya mutu da laka ga ƙahwa don kak kai ka mutu da ita. Yanzu da hurhura za ka koma?"

"Inna, sunana ya ɓaci. Ɓarawo aka ce mani."

"Su ce mana! Bakinsu na. Kai ka san ba ka ci ba, Allah ya san ba ka ci ba. Mi yay yi saura?"

Innarku ba ta ɗaga murya ba, kun san halinta. Ta ajiye rariya, ta goge hannu a zane.

"Malam, ni ba ni hana ka. Abu guda ni ka tambaya. Yarinyar ga da ag Gusau, da mi za ta ƙare karatu? Albasa sai ta yi wata nawa ga ƙasa kahin ta zama kuɗi?"

Babbar yarku take nufi, wadda ba na kiran sunanta don 'yar fari ce. A lokacin tana tsakiyar makarantar koyon jinya, kuma kuɗin bitar nan da nake ƙyama su ke biya mata. Sai na yi abin da maza ke yi in an ƙure su, na yi faɗa. Na ce kowa cikinsa ya sani, babu mai tunanin mutuncina. Na buga ƙofa na fita. Da ta zo hutu na zaunar da ita na faɗa mata komai, ina fatan ta yi kuka ko ta roƙe ni, don in sami abin da zan fake da shi in zauna. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, duk abin da ka yanke daidai ne." Kash! Da ta san yadda maganar nan ta yi mini nauyi da ba ta faɗe ta ba.

Na mayar musu da babur ɗinsu da wayarsu da hularsu. Kodineta ya biyo ni har bakin titi yana cewa in yi haƙuri, saura kaɗan in yi ritaya, wa ke barin aiki a wannan zamanin. Na ce masa ni. A raina ina ganin in mutane suka ji na ajiye aikin da kaina, za su gane ba da ni aka ci ba. Nan ne lissafina ya karkace. A ƙasarmu ba a taɓa jin wanda ya bar aikin albashi don ransa ya ɓaci ba, saboda haka babu wanda ya yarda. Aka ce ai ga shi nan, asiri ya tonu, an kore shi. Wasu suka ce a'a, ya ci ya ƙoshi ne, ga shi har ya buɗe fadama da kuɗin takin. Fitar da na yi don in wanke sunana ita ta zama shaidar da suke nema.

Fadama kuma ba ta yi mini maraba ba. Bayana da ya saba da kujerar bita ya ƙi lanƙwasa, hannuna ya yi kanta ya fashe. Albasar farko ta yi kyau, sai ta faɗo a lokacin da kowa ya kawo tasa, rabi ta ruɓe a rumbu ina jiran farashi. Yarku ta dawo gida da akwatinta, aka ce sai an samu ta koma. Ba a samu ba. Ta ninke fararen kayanta ta ba wata ƙawarta, ta koyi ɗinki, kuma har yau ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini ni na jawo ba. In na ga ma'aikaciyar jinya a asibiti sai in kau da kai. Wannan ciwon nawa ne, kuma ba na neman kowa ya rage mini shi. Daga baya fadamar ta riƙe mu, da ita kuka yi karatu ku ƙanana, amma wadda ta biya kuɗin fitata ba ta ci moriyar komai ba.

Abu ɗaya na riƙe a raina duk tsawon lokacin, shi ne in koma ƙauyen nan, Baba Jaɓɓi ya tara mini mutane a filin makarantar, in faɗa musu yadda aka yi tun daga kiran wayar safe. Hanya ta ƙi kyau, yau a ce an tare, gobe a ce an kwashi mutane, na yi ta ɗagawa. Sai wata ranar kasuwa a Bukkuyum, na kai albasa, na hango wani tsoho a gefen rumfar masu gishiri ya baza igiyoyin kaba a ƙasa. Sai da na matsa na gane shi. Sarkin noma guda, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa.

"Baba, na bar aikin."

"Na jiya. An ce kuma ɗiyarka ta dawo gida."

"Ta dawo."

"Ba ka kyauta mata ba. Mu dai mun riga mun rasa shekara, ita mi tay yi?"

Na haɗiye wannan. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni.

"Baba, tsakaninka da Allah, kai ma ka yarda na sai da takin ga?"

Ya dubi ƙafafuna, ya dubi hannuna da suka faffashe, har ya ɗan murmusa.

"Ni na san ba ka ci ba. Tun ranar nas sani, na ga yadda kar riƙe ƙohwar motar."

Wani sanyi ya ratsa ni, har hawaye suka kawo. Na kama hannunsa biyu.

"To don Allah ka tara mani su. Ka hwaɗa musu da bakinka, kai za su yarda da kai. Ko gobe in kac ce, ina zuwa."

Ya zare hannunsa a hankali, ya gyara igiyoyin da ke gabansa.

"Malam, wa za ni tara maka? An tashe mu tun bara. Wasu na Anka, wasu na Gummi, wasu sun bi ramin zinariya, wasu na ƙasa. Garin da kaka son shi wanke ka, babu shi."

Na sayi igiya biyu da ba ni da abin ɗaurewa da su, na koma wajen albasata na zauna har kasuwa ta watse.